Cukun Taro

Ran Alhamis kasuwarmu ke ci.
Tun asuba kekunan doki sun cika dandali,
tumaki sun dama dusar ƙanƙara ta koma taɓo,
ni kuwa ina gindin hasumiyar agogo,
inda uwata ta tsaya shekara talatin kafin ni,
da cuku, da sikeli, da wuƙa.

Na san yaron. Wa bai san Jabez Tranter ba?
Ɗan Keziah mai wankau a lungun majema,
wanda ubansa ya bi masu shimfiɗa layin dogo
ya mance hanyar gida.
Shekararsa goma sha ɗaya, kwat ɗin babba a jikinsa,
hannun rigar ya haɗiye masa yatsu.
Ta nan cukuna ya bi.

Yanki ne, bai cika tafin hannu ba.
Taro na sa masa,
da an taya kwabo biyu da na sallama.
Amma bakina ya riga zuciyata.
Na ce, "Ɓarawo!"
Kalmar ta tashi tare da tantabarun coci,
su sun dawo, ita ba ta dawo ba.

Mahauci ya sa ƙafa, yaro ya kifa.
Kurtu Gadsby ya ɗago shi ta kunne.
A aljihunsa, guntun kyandir, maɓalli biyu,
hankicin da ba nasa ba,
sai cukun, da shatin haƙora a gefe.
Ko haɗiya bai samu yi ba.

Ran Litinin aka zauna a benen masaukin baƙi,
don garinmu bai kai a gina masa kotu ba.
Majistare Lyddon ya zo da karnuka biyu,
suka miƙe gaban murhu,
kowanne ya fi yaron tsoka.
Su huɗu ne a benci:
Dorcas Pym da ta tsinci kwal a bakin tasha,
wa da ƙane da suka tone dankalin limamin coci,
sai shi, yana murza hula.

Aka miƙo mini Littafi, na sumbata.
"Naki ne?"
Na ce, nawa ne.
"Nawa ne?"
Na ce, taro.
Akawu ya tsoma alƙalami ya rubuta.

Kwana goma sha huɗu a kurkuku,
sannan shekara biyar a gidan horon yara,
can inda sai an hau jirgin ƙasa.
Majistare ya duba agogon aljihu, cikinsa ya kira shi.
Keziah ba ta yi kuka ba.
Ta tsaya da hannuwanta jajaye, duk sabulu ya cinye,
ta dube ni kamar mai auna kaya.

Mijina ya ce doka doka ce,
icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Na ce tanƙwarawa daban, karyawa daban.
Ya ci gaba da shan lofensa.
Ban gaya masa ba, amma ya sani,
babban yatsana ya san hanyar sikeli,
ya fi taro abin da yake ci duk kasuwa,
kuma ba wanda ya taɓa ɗago ni ta kunne.

Sun mayar mini da cukun a naɗe cikin takarda,
shaida ta gama aikinta.
Ban iya sayarwa ba, ban iya ci ba.
Na ɗora a kanta.
Kafin Lahadi ɓera ya gama da shi,
ya bar mini takardar da hatimin kotu.

Na ƙirga. Alhamis ɗari biyu da sittin.
Yau ta arba'in da ɗaya.

Ɗazu wata yarinya ta raɓo tebur,
takalmi ɗaya nata, ɗaya na wani,
idonta a kan ɓawon da na yanke na ajiye.
Na juya baya, na ɗaga kai ga hasumiya.
Idona ya yi rauni kwanan nan,
nakan daɗe kafin in gane ƙarfe nawa.